Gurbin Delu a Waƙar Roƙo

Talata, 14 ga Satumba, da hantsi

Matata Delu ba ta dawo ba.

Abin da na tabbatar: ranar Juma'a ta tafi ƙauyensu, can bayan Mazanya, don ta koya wa matan ƙaramar majami'ar garin sabuwar waƙarta. Ta koya musu. Ranar Lahadi bayan sujada ta shiga motar dawowa Jibiya. An ga motar a gefen hanya, ƙofofi a buɗe, ba kowa ciki.

Abin da ban tabbatar ba: duk sauran.

Shekarun da na yi ina tace labarai a gidan jarida a Kaduna sun bar mini ɗabi'a guda: ba a buga labari da majiya ɗaya. Editanmu yakan ce akwai wanda ya gani, akwai wanda ya ji, akwai kuma wanda ya ji daga wanda ya ji, shi wannan ka ba shi ruwa ya sha ya tafi. Tun jiya masu shan ruwa ke shigowa gidan nan.

Laraba, 15 ga Satumba, da azahar

Babu layin waya. An katse shi a nan da ƙananan hukumomin da ke kewaye tun makon jiya, don a toshe wa mutanen daji hanyar magana. Na fahimci dalilin. Da ina kan teburina na dā, da na yi wa labarin kanu mai kyau. Sai dai waɗanda suka tare motar, in suna son magana da ni, lamba ɗaya Delu ta haddace, tawa, ita kuwa a nan gawa ce.

A cikin Katsina layi na aiki. In na tafi can, waya za ta rayu amma gida zai zama kango, in ta kuɓuta kuwa gida za ta nufa. In na zauna, ƙofa a buɗe, waya a mace.

Lawwali ne ya warware mini. Maƙwabcina ne, direban babbar mota, mutumin Maraɗi, ya daɗe a Jibiya har ana mantawa da baƙo ne sai ya buɗe baki.

"Malam ɗan jarida, mi kake ma lissahi? Aika wayar Katsina wurin ƙanenka ta kwana can. Kai kuma kullum mu tahi Magama, bakin duwan, wurin 'yan kwastan, rezon Nijar, layin wayarsu, shina kamawa. Ka kira ƙanen da tawa wayar ka ji ko an bugo."

Haka muka yi. Yanzu sai na je bakin iyakar wata ƙasa in ari iskarta kafin in tambayi Katsina ko wayata ta yi ƙara.

Ba ta yi ba.

Alhamis, 16 ga Satumba, bayan la'asar

Ranar gwajin waƙa. Na je, domin ni ne mai koyar da mawaƙan majami'armu, kuma ban san inda zan ajiye jikina ba in ban je ba.

Waƙar Delu muke shiryawa don sujadar godiyar kaka, Lahadin ƙarshen Oktoba. Waƙar roƙo ce. Ita ta kawo ta a farkon damina, ta ce tana tankaɗe ta zo mata. Ni kuma na raba mata muryoyi: mata masu siririyar murya a sama, masu kauri a tsakiya, maza a ƙasa. Delu ke bayarwa:

Uba, na zo ban iya magana ba,
Kai ka san abin da ya kawo ni.

Sauran su amsa:

Karɓi roƙonmu, Mai jinƙai, karɓa.

Mama Tabita, shugabar zumuntar mata, ita ke buga mana tulu. Na ɗaga hannu, ta fara bugu. Da aka iso wurin Delu ba wanda ya buɗe baki. Tulun ya ci gaba shi kaɗai daidai tsawon baitin, sannan amshi ya shigo a kan lokaci, kamar sun ji ta. Ba wanda ya shirya haka. Muka yi waƙar har ƙarshe, shiru da amshi, shiru da amshi.

Bari in rubuta dalilin, tunda na saba rubutu don wanda bai san komai ba. A majami'ar nan waƙa ba ta canza baki. Wadda ta kawo waƙa ita ke bayar da ita har ta bar duniya. In ba ta nan, a ajiye waƙar. Ranar da aka ji wata murya ta ɗauki baitin wata, to sanarwa ce. Lokacin da tsohuwa Jummai ta rasu a asibiti a Katsina, ba a hau bagadi an faɗa ba. Wata ce ta tashi ta ɗauki waƙarta, kafin ta kai rabin baiti mata sun sa kuka.

Lahadi, 19 ga Satumba, da rana

An bar mata wurinta a benci. Mata sun matsu da juna, ba wadda ta zauna a kai.

Talata, 21 ga Satumba, da safe

Magama. Rezo ya kama. Ba a bugo ba.

Juma'a, 24 ga Satumba, da yamma

Mutanen ƙauyen su Delu sun iso, da tabarmi da tukwane da awaki. Ban tambayi abin da ya taso su ba, su ma ba su faɗa ba. Gero ya nuna a gonakinsu, sun baro shi tsaye. An sauke su a harabar majami'a da ɗakin karatun yara.

Mahaifiyar Delu na cikinsu. Na kawo ta gida na ba ta ɗakin ɗiyarta. Mun gaisa irin gaisuwar suruka, kowa idonsa a ƙasa, muka tambayi juna gajiya da hanya da ruwa. Sunan bai fito ba.

Matan ƙauyen suna kauce wa idona. Daga wurinsu ta fito. Ina so in ce musu ba laifinsu ba ne, amma in na faɗa, na ambaci abin.

Litinin, 27 ga Satumba, da safe

Ba a bugo ba. Wani jami'in duwan ya fara gane ni, yana ɗaga mini hannu. Ban so haka ba.

Alhamis, 30 ga Satumba, bayan la'asar

Mazan da ke riƙe muryar ƙasa sun ragu. Masu shago sun kwashe iyali zuwa Katsina, malamin makaranta ya nemi canjin wurin aiki. Waɗanda suka rage ba su isa su ɗauki manyan waƙoƙinmu ba. Amma matan ƙauye sun shigo gwaji yau, suka cika benci. Waƙoƙinsu daban, namu daban. Wadda muka haɗu a kanta ɗaya ce tak, ita ce ta Delu, tunda ita ta je ta koya musu.

Ban taɓa jin amshin da nauyi irin na yau ba. Shirun ma ya ƙara nauyi.

Inna, mahaifiyarta, ta zauna a baya ba ta waƙa. A hanyar gida ta yi mini magana mafi tsawo tun zuwanta.

"Malam, ni ba amshin nake zuwa ji ba. Wurin nan da ake yin shiru nake zuwa ji. Muddin shiru ne, ɗiyata na nan."

Asabar, 2 ga Oktoba, da hantsi

Fasto Zakari ya zo. Mutum ne mai haƙuri, shekararsa ta uku ke nan a Jibiya. Ya zauna bakin tabarma ya daɗe yana juya hula a hannu.

"Malam Ɗanladi, godiyar kaka ta matso. Mutanen nan ba su da hatsin da za su kawo gaban Ubangiji bana. Waƙar nan kaɗai suke da ita. Ba zai yiwu su kawo rabinta ba."

Na ce a yi ta yadda muke yi.

"A gwaji, to. Amma a sujada, ikilisiya duka ta tsaya tana sauraron rami? Kowane baiti a tuna musu? Mutanen da ko barci ba sa yi?" Ya ajiye hular a gefe. "Ba binne ta nake so mu yi ba, Allah ya sani. Al'ada ce, ba umarni ba. Rahila, mai zama kusa da ita a benci, ta riƙe mata, in ta dawo ta karɓi abinta."

Na ce zan yi tunani. Hujjarsa ba ta da ɓaraka. Na bi ta sama da ƙasa kamar yadda nake bin rubutun wani, ban sami inda zan ja jan biro ba. Amma ban yarda ba.

Lahadi, 3 ga Oktoba, bayan sujada

Fasto ya gwada maganar a gaban Mama Tabita. Ta ɗora tulunta a cinya ta dube shi.

"Fasto, kai karatu ka yi, mu nan muka tsufa. Ka hau bagadi ka yi bayani har rana ta faɗi. Kunne zai ji ka. Amma ranar da wata ta ɗauki baitin nan, ciki ne zai ji, shi kuwa ciki bai zuwa makaranta."

Laraba, 6 ga Oktoba, da safe

Ba a bugo ba.

Juma'a, 8 ga Oktoba, da azahar

Wani mai itace ya ce wani makiyayi ya ce an ga mace a kwance a bakin wani rafi wajen Gangara, da zane irin na zumuntar mata. Bai san rafin ba. Bai san makiyayin da suna ba.

Zanen zumunta duk macen majami'a a ƙasar nan tana da shi. Delu ta tafi da nata. Wannan gaskiya ne. Wancan ji ne daga wanda ya ji.

Na ba shi ruwa.

Juma'a, da yamma

Na wanke kwanukan da ba su yi datti ba. Na sake jera littattafai. Na karanta shafi guda sau da yawa, ban san abin da ke ciki ba. Duk karatun da na yi a kan mutanen da aka tsare da waɗanda suka jira su, ba wanda ya gaya mini cewa mai jira yana jin yunwa kamar kowa, yana ci, yana jin kunyar cin.

Lahadi, 10 ga Oktoba, da rana

Labarin mai itace ya zagaya. Yau mutane sun gaishe ni da wata irin murya. Wata ta riƙe hannuna ta daɗe. Ba wanda ya ce "sannu da haƙuri", amma kalmar na bakin kowa kamar goro.

An ɓoye wa Inna. Ko kuma ita ce ke ɓoye mana ta ji.

Talata, 12 ga Oktoba, da yamma

Rahila ta zo, ta tsaya a zaure ta ƙi shigowa. Ita ke zama kusa da Delu a benci, muryarta ta fi ta kowa bayan ta Delu.

"Baba, na ji ana faɗin sunana. Don Allah kada ka ba ni waƙar."

Na ce ba a yanke komai ba. Na tambaye ta ko ta iya baitocin.

"Na iya, Baba. Shi ne abin da ke damuna. Ina wanki sai in ji sun taho bakina, in rufe da hannu. Jiya har na ciji harshe." Ta yi dariya, ta share ido da gefen mayafi. "In na yi ta a gaban Inna, da wane ido zan sake kallon tsohuwar nan?"

Alhamis, 14 ga Oktoba

Gwaji. Shiru da amshi.

Litinin, 18 ga Oktoba, da safe

Magama. Motoci a jere, direbobi na shan shayi a ƙarƙashinsu. Kowa a nan jiran wani abu yake, amma su sun san sunan abin da suke jira.

Lawwali ya ce na rame har inuwata ta fi ni kauri. Ya saya mini ƙosai ya tsaya a kaina sai da na cinye.

Ba a bugo ba.

Juma'a, 22 ga Oktoba, bayan sallar Juma'a

Zan rubuta wannan a tsanake, yadda ya faru.

Lawwali ya shigo ko sallama bai gama ba. Ya ce jandarma sun kawo wata mata bakin iyaka, ta ɓullo ta wani ƙauyen Nijar bayan ta yi kwanaki tana tafiya a daji. 'Yar Gangara ce, sunanta Rabi'a. 'Yan uwanta ba su iso ba tukuna, sai ya kai ta wurin matarsa.

Na same ta a zaune a tsakar gida, ƙafafunta cikin kwanon ruwan ɗumi. Ba zan kwatanta su a nan ba.

Ta dube ni ta ce, "Kai ne mijin mai waƙa?"

Na ce ni ne mijin Delu.

"Mu mai waƙa muke ce mata. Tare munka zauna. Mu ke yi ma mutanen daji niƙa da tuwo. In munka tashi salla ita sai ta koma gefe tana waƙarta a hankali. Har na riƙe wani wurin." Ta rera amshin, ba kalmomi, da hanci kawai. Daidai yake, har inda muryar ke sauka.

Na tambaye ta ko tana da rai.

"Da rai na baro ta. Ƙafarta ce ta kumbura, ƙaya ta taka. Da tare za mu gudu. Ita ta ce in tahi."

Na tambaye ta wace rana ke nan. Na tambaye ta wane daji, gabas ko yamma, su nawa ne, ko an canza musu wuri. Na ji muryata ta koma ta ɗan jarida, na kasa tsayar da ita. Ta bar ni na gama.

"Malam, can babu ranaku. Rana na hitowa, tana faɗuwa. Ka bari in ba ka saƙonka kafin in manta, da shi na riƙa tahiya. Ta ce, ki ce ma Malam godiyar kaka ta kusa. Kada ya bar waƙar ta jira ni. Ta ce, na san halinshi, zai tsaya sai ya tabbatar."

Matar Lawwali ta juya baya. Ni na yi godiya, na yi mata sannu, na fito. A zaure na zauna a ƙasa. Lawwali ya zauna kusa da ni.

Majiya ɗaya ce. Amma ta gani da idonta.

Asabar, 23 ga Oktoba, da safe

Na gaya wa Inna. Ta ce, "Ai na sani." Ban gaya mata saƙon ba.

Lahadi, 24 ga Oktoba, da yamma

Na gaya wa Fasto da Mama Tabita duka, har saƙon. Fasto ya ce to ai magana ta ƙare, mai waƙa ta ba da izini. Mama Tabita ta girgiza kai.

"Delu na can, ba ta ga uwarta a benci na baya ba. Labarin rafin nan bai mutu ba. Ka ce tana da rai, sannan Rahila ta tashi, za su ce lallashin tsohuwa ake yi. Ita ma tsohuwar haka za ta ce."

Dukansu biyu suna da gaskiya. Delu ma tana da gaskiya. Ni ne a tsakiya.

Laraba, 27 ga Oktoba, da safe

Ba a bugo ba. In na bi maganarta, na sanar da mutuwarta. In na ƙi, na ƙi abu ɗaya tak da ta roƙe ni daga can.

Alhamis, 28 ga Oktoba, bayan la'asar

Gwajin ƙarshe. Fasto ya tsaya a ƙofa yana jira in faɗi suna. Rahila ta sunkuyar da kai. Na ce a yi yadda aka saba, Lahadi kuma kowa ya kalli hannuna.

Lahadi, 31 ga Oktoba, da la'asar

Gaban bagadi bai taɓa zama fili haka ba a ranar godiya. 'Yan damman gero kaɗan, kabewa, kwaryar gyaɗa, zakara ɗaya da ya ƙi yin shiru.

Da lokacin waƙa ya yi, na juya na fuskanci jama'a maimakon mawaƙa. Na ce wata mata da ta zauna tare da Delu ta fito, ta baro ta da rai, ƙafarta na ciwo. Na ce ban san ranar ba, ban san wurin ba. Na ce Delu ta aiko kada waƙarta ta jira ta. Iyakar abin da na sani ke nan, na faɗe shi ba ƙari.

Na ɗaga hannu. Mama Tabita ta fara bugu tana kallona, ba ta san abin da zan yi ba. Rahila ta runtse ido.

Shekara da shekaru ina koyar da mawaƙa da hannu da kunne, ban taɓa bayar da waƙa a gaban jama'a ba, kuma akwai dalili. Da aka iso wurin Delu, na buɗe baki.

Uba, na zo ban iya magana ba.

Muryar ta fito a shaƙe, ƙasa da inda ya kamata. Wata mata daga cikin 'yan ƙauye ta ƙwalla ƙara, wasu suka fara bin ta. Na ga Inna ta miƙe tana dafe da benci. Mama Tabita ba ta tsayar da tulu ba, ta ɗaga murya a kansa.

"Ku yi mana shiru! Waƙa ba ta fita gida ba. Bakin mijinta ne, riƙo yake yi!"

Na ƙarasa baitin. Amshi ya makara kaɗan, sannan ya shigo, mata da maza, 'yan gari da 'yan ƙauye. A baiti na biyu numfashi ya yanke mini a tsakiya. A na uku na sa kalmar da ba ita ba. Duk inda na faɗi, amshin ya zo ya ɗauke ni. Wajen ƙarshe na ji wata tsohuwar murya daga benci na baya tana amsawa, ba a kan ƙa'ida ba, a bayan kowa. Ban juya ba.

Da aka tashi, ba wanda ya zauna a wurin Delu, ba wanda ya riƙe hannuna ya daɗe.

Lahadi, kafin magariba

Lawwali na zaune a ƙofar gidansa yana gyaran fitilar mota. Katangarsa ce ta raba shi da majami'a, komai yana ji.

"Malam ɗan jarida, wa ya ba da waƙa yau?"

Na ce ni ne.

"Na ɗauka kamiyo ne, irin babbar motata, ya kahe a tudu." Ya ci gaba da murɗa waya bai ɗago ba. "Wallahi gara Allah ya maido Delu da wuri, tun ba ka kore musu sauran jama'ar ba."

Na ce amin.

Ya ce, "Amin. Gobe Magama da sassahe."